Hannu Bibbiyu a Takardar Iliyasu

A kan curin mazarƙwaila guda Iya Kulu ta yi faɗa da Iliyasu ɗan Lado, a kasuwar Kudan, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan samun mulkin kai. Kulu tsohuwa ce mai sayar da mazarƙwaila. Ta binne miji biyu, ta aurar da 'ya ɗaya a Ikara, kuma duk layin rumfunan ba wanda ya taɓa jin ta ce ta yi kuskure. In ta buɗe baki, har mahauta sukan rage sara don su ji wa aka kama yau.

Akuya ce ta bangaji kwandonta, curi ɗaya ya gangara har tsakiyar hanya. Wani saurayi siriri mai gajeren wandon 'yan makaranta, da mayafi a kafaɗa, ya sunkuya ya ɗauka, ya hure masa ƙasa, ya miƙa mata. Da hagu ya miƙa.

Kulu ba ta karɓa ba. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Abin da bokon ya koya muku ke nan? Abin da za a sa a baki, ka miƙo mini da hannun tsarki? A gidanku haka ake ba uwarka abinci?"

Ta sa bayan hannu ta make curin, ya sake faɗuwa, akuyar ta samu rabonta. Mutane suka fara taruwa. Kulu ta ci gaba, ta zagi bokon, ta zagi malaman, ta taɓo dagacin da ya kai 'ya'yan mutane can. Da ta tsaya jan numfashi, sai saurayin ya zame mayafin daga kafaɗarsa. Hannun rigar dama a ninke yake, an soke shi da ƙaya, babu komai a ciki tun daga saman gwiwar hannu.

Wata mai daddawa ta yi salati a hankali. Da wata tsohuwar ce, da sai ta sunkuyar da kai. Kulu kuwa ta ce, "To bakin ma an yanke ne? Ba ka iya cewa a yi haƙuri da hagu?"

"Iya," in ji shi, "in zan riƙa faɗar haka duk lokacin da na miƙa abu, ba zan samu damar yin wata magana ba a duniya."

Ya mai da mayafinsa ya wuce. Ranar nan Kulu ta yi ciniki sosai, amma ba ta zagi kowa ba har aka tashi, abin da ya sa mai daddawa ta tambaye ta ko ba ta da lafiya.

Kafin wata kasuwar ta zagayo ta gama binciko shi kakaf. Mutumin Dandamisa ne. Ubansa Lado ɗan ƙwadago ne a wurin masu matse rake, inda doki ke zagayawa yana juya injin, mutum na zaune yana cusa kara. Iliyasu na da shekara bakwai aka ce ya riƙe wa uban wurin, shi uban ya je ya yi salla ya dawo. Injin ya kama bakin riga, ya bi da yatsu, dokin kuma ba a koya masa tsayawa don kukan yaro ba. A kan jaki aka kai shi bakin titi, daga nan mota ta kai shi Zariya, aka dawo da shi bayan wata biyu da abin da ya rage. Lado bai ƙara zama kusa da injin ba, bai kuma ƙara yin wata doguwar magana ba har ya rasu.

Da aka aiko kowace unguwa ta ba da yaro a sa a boko, masu 'ya'ya suka ɓoye nasu a rumbu da gonar dawa. Aka duba wanda ba zai riƙe fartanya ba, aka ce ga Iliyasu. Haka ya shiga makaranta, a matsayin abin da gari ya ga zai iya rasawa. Sauran yara in suka kama alƙalami da hagu ana dukan hannun har su daina. Shi ba a sami yadda za a yi da shi ba, aka ƙyale shi. Ya gama aji bakwai a Makarfi da rubutun da malamai ke ɗagawa suna nuna wa masu hannu biyu.

Kulu ta aika aka kira shi. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta kamar ba abin da ya faru, ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwa. Ba ta ba shi haƙuri ba. Ta tura masa curi biyu a faifai ta ce, "Ci. Ka gama bokon, sai me? Ko yawon tsince wa mutane kaya za ka yi ta yi?"

Nan ya gaya mata. Akwai inda ake horar da matasa aikin ofis a Zariya, za a ɗauki sababbi bayan damina. Jarrabawar ya ci. Abin da ya rage takardar shaida ce daga wani mai aiki, wadda za ta nuna ya zauna a ƙarƙashinsa wata uku ya ga yadda ake yi. 'Yan ajinsu duk sun samu wuri, wannan wurin kawunsa, wancan wurin abokin ubansa. Shi ya je wuri huɗu. In damina ta wuce babu takardar, shekarunsa sun haura, an rufe masa ƙofar ke nan.

"Me suka ce maka a wuri huɗun?"

"Sun ce Allah ya kawo rabo."

"Kai kuma ka ce amin ka taso."

"To me zan ce, Iya?"

"Shi ya sa ba zan aure ka ba," in ji Kulu. "Miji ba baki. Jibi ka same ni a Makarfi, ka wanke wannan rigar."

Lokacin kasuwar auduga ne. Alhaji Maiwada, wakilin masu saye, yana zaune a kan buhu, manoma sun yi layi da jakuna, malaminsa ɗaya na rubuta wa kowa 'yar takardar awo yana gumi. Kulu ta san Maiwada tun yana tallan gyaɗa ba wando, kuma ta tuna masa da hakan cikin gaisuwa. Ta sa Iliyasu ya rubuta sunan Alhajin a bayan wata takarda. Maiwada ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce tubarkalla.

"Iya, rubutu kam ya fi na malamina. Amma ki duba layin nan. Mutum ya yi shekara yana wahala, ya kawo audugarsa, a miƙa masa takardar da hagu? Gobe in ɗansa ya yi zazzaɓi, cewa zai yi a wurina aka cire masa albarka. Su koma wurin wani, ni in ci me?"

"Kai da hannunka biyu, albarkar me ka ƙara musu? Sikelinka ne ban sani ba?"

Maiwada ya yi dariya don jama'a su ɗauka wasa ne, ya ce a ba Iya goro. Ta bar goron a kan buhun. A hanya Iliyasu ya ce, "Ai ya yi gaskiya, Iya. Ko ke ma ba ki karɓa ba." Ta yi kamar iska ta tafi da maganar.

Suka je wurin mai kanti a Kudan, ya ce matan aure ba za su aiko a sayi gishiri ba. Suka je wurin wani mai rubuta wa mutane wasiƙa, ya ce wa zai yarda a rubuta wa surukinsa gaisuwa da hagu. Wani kuwa bai bari sun zauna ba, ya laluba aljihu zai ba yaron sadaka. Kulu ta riƙe masa hannu a cikin aljihun ta ce ya bar shi nan, zai buƙace shi ranar da bakinsa ya karkace. Rani ya ƙare a haka. Aka yi ruwan shuka, aka yi noman farko. In ba a fara wata ukun nan ba kafin gero ya yi bununi, babu sauran lissafi.

Ciwon gwiwa ne ya kai ta inda dabara ba ta kai ta ba. Ta je wurin 'yarta a Ikara, aka raka ta wani ɗakin shan magani can gefen gari. Malamin wurin, Malam Tukur, mutum ne mai sanyin hali, shi kaɗai ne a kan komai. Shi zai rubuta kati, ya tashi ya wanke gyambo, ya wanke hannu, ya dawo ya nemi alƙalami, ya tarar ya manta sunan wanda ke gabansa. Mata da goyo suna zube a rana tun hantsi har azahar. Kulu ta zauna tana kallo, ciwon gwiwar ya tafi.

Da layi ya zo kanta ta ɗaga katin da ya ba ta, ta juya shi sama da ƙasa.

"Malam, ni ban yi karatu ba, amma na san tafiyar kaza a kan toka. Kai kanka kana iya karanta wannan?"

"Iya, me ke damunki?"

"Kai ne. Ina da yaron da zai rubuta maka katin mutum goma kafin ka gano inda ka ajiye alƙalami. Ba ya son ko sisi. Wata uku, ka ba shi takarda, ku rabu lafiya."

Ta gaya masa maganar hannun tun kafin ya tambaya. Malam Tukur ya ce, "Wurin magani ne nan. Mutanen nan da ƙyar muka shawo kansu suke zuwa. In aka ce bahago ke ba da magani, sai su koma wurin boka."

Washegari ta dawo da ciwon kunne. Rana ta uku ta dawo da jiri. Rana ta huɗu ta ce idonta na dama ke rawa, ta zauna a gaban layi tana ba matan labarin yadda wata ta kusa haihuwa a nan tana jiran kati. Rana ta shida Malam Tukur ya ce, "Iya, gobe wane ciwo ne?"

"Ban yanke ba tukuna."

"Kawo shi. Amma kati kawai. Ba zai taɓa magani ba, kuma ba zai miƙa wa kowa komai ba."

"In bai miƙa ba, katin tashi zai yi?"

"Wannan ke za ki san yadda za ki yi."

Ta sani kuwa. Ta saƙa ɗan faifai, bai fi tafin hannu biyu ba, da jan baki. Iliyasu zai rubuta kati, ya ɗora a kan faifan, ya tura ta taga, mai shi ya ɗauka da kansa. Ba wanda ya karɓi abu daga hagu, daga faifai aka ɗauka. Wani dattijo ya tsaya yana nazarin abin, ya ce ai da hagun aka turo faifan. Kulu, wadda ta zo ganin ranar farko, ta ce, "Baba, tuwon da kake ci, ka san da wane hannu aka riƙe tukunyar?" Dattijon ya ɗauki katinsa.

Iliyasu ya zauna a zauren Malam Tukur. Kafin mako biyu layin da kan kai azahar ya koma ƙarewa da hantsi. Ya jera katunan gari gari, na Saulawa daban, na rugagen Fulani daban, har in mace ta ce katinta ya ɓace, ya tambayi sunan mijinta ya zaro mata. Dokar kada ya taɓa komai ba ta yi wata guda ba. Ranar da aka kawo mutum uku da saran fartanya lokaci ɗaya, Malam Tukur ya waiwaya ya ga yaron ya danne bakin bandeji da haƙori, yana naɗawa da hagu, ya ɗaure tamau. Washegari Malam Tukur ya ajiye masa almakashi a gefensa.

Kulu takan zo duk bayan mako biyu, wai duba 'yarta. Takan tsaya a taga ta ce, "Maigida, ka yi ƙiba. Wata ce ke ba ka fura a garin nan?"

"Iya, ai ke kika ce ba kya so na."

"Na ce ba ka da baki. Yanzu na ga ka fara samu, har ya yi yawa."

A watannin nan ne kawai aka san Iliyasu da dariya mai sauti. Ya daina yafa mayafi a kafaɗa. Yara na kiran shi Malam Ƙarami. Ya gaya wa Kulu in ya gama horo aka ba shi aiki, zai ɗauke uwarsa daga Dandamisa, don har yau in injin rake ya fara kuka da kaka, takan shiga ɗaki ta toshe kunne.

Wata uku suka cika ana yankan gero. Kulu ta zo da kanta ranar rubuta takardar, ta shimfiɗa zane a ƙasa ta zauna, don a ganinta ba a barin maza su kaɗai da abu mai muhimmanci. Malam Tukur ya rubuta da Turanci, layi biyar, ya fassara mata. Iliyasu ɗan Lado ya yi aiki a ƙarƙashina wata uku. Yana zuwa da wuri. Rubutunsa na da kyau, yana da amana. Hannunsa ɗaya ne, na hagu, amma bai hana shi aiki ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Iya."

"Wata uku yaro na yi maka bauta, abin da ka samo ke nan? Ko akuya zan sayar na fi haka yabonta. Kuma wa ya aike ka ka ambaci hannu? Makafi ne a Zariyar? In sun gani sun gani. Kai sai ka aika musu dalilin ƙi tun kafin ya yi sallama?"

Iliyasu ya ce, "Iya, a bar shi yadda yake. Gaskiya ce."

"Rufe mini baki. Gaskiyar ce ta samo maka wurin nan, ko ni?"

Ya rufe. Malam Tukur ya ɗauko sabuwar takarda, don ya riga ya san ba a gama magana da Kulu sai ta gama. Ta sa aka cire layin hannun. Ta sa aka ƙara cewa yana da ladabi, ba ya ɗaga ido ga babba, ba a taɓa jin sa da kowa ba. Sannan ta nemi maganar da za ta rufe, irin wadda ake faɗa a kan mutumin kirki in ana neman masa aure.

"Rubuta cewa ya riƙe aikinsa hannu bibbiyu."

Duk Bahaushe ya san abin da ake nufi: mutum ya ɗauki abu da muhimmanci, bai yi masa riƙon wasa ba. Malam Tukur ya ɗaga alƙalami ya tsaya.

"Ban san yadda ake faɗar wannan da Turanci ba."

"Ka faɗa yadda na faɗa. Turawan ba su da hannu ne?"

Ya rubuta yadda ta faɗa, kalma bayan kalma. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya liƙe ambulan. Kulu ta tofa masa addu'a, ta ɗinke shi a cikin aljihun rigar da ta saya wa yaron. Ta koma Kudan tana gaya wa mai daddawa cewa ba a taɓa kai takarda irin wannan Zariya ba.

Kwana uku Iliyasu ya yi a Zariya ya dawo. Ya same ta a rumfa, ya durƙusa, ya gaishe ta har ƙarshen gaisuwa. Mayafin ya koma kafaɗa.

"Ba a ɗauke ni ba, Iya."

"Dalili?"

"Ba rabo."

Ta yi masa tas. Ta ce ta san abin da ya faru, an yi masa tambaya ya tsaya yana kallon ƙasa kamar sabuwar amarya. Ta ce ta kashe gwiwarta a banza, ta yi ciwon ƙarya biyar saboda wanda ba zai iya buɗe baki ya nemi haƙƙinsa ba. Ya saurara har ta gama, ya ce Allah ya huci zuciyarta, ya tashi. Ya koma Dandamisa. Aka ce yana bin masu rake yana kora musu doki.

Sai bayan wata biyu ta ji. Ta je Ikara, ta biya ta ɗakin magani, ta tarar layi ya koma har bakin hanya, Malam Tukur na neman alƙalami. Da ya sallami mutane ya jawo wata wasiƙa daga aljihun tebur, ya ce daga Zariya ta zo, kuma ya daɗe yana tunanin ko ya gaya mata.

Wanda ya yi wa yaran tambayoyi ba ya jin Hausa. Ya buɗe ambulan, ya karanta cewa mai wannan takarda yana aiki da hannuwansa biyu. Ya ɗaga kai ya ga hannun riga a ninke. Ya sake duba takardar ko an ambaci haka a wani wuri, bai gani ba. Ya yanke cewa takardar wani ce aka aro, ko kuma malamin da ya sa hannu bai taɓa ganin yaron ba. Iliyasu ya fara bayani da Turancinsa na aji bakwai, aka ce ya isa. Akwai masinja Bahaushe a bakin ƙofa, ya ji komai, ya kuma gane komai, amma ba a tambayi masinja ba. Wasiƙar gargaɗi ce ga Malam Tukur, kada ya ƙara sa hatimi a kan abin da bai tabbatar ba. Ya rubuta musu amsa sau biyu yana bayyana yadda maganar take a Hausa. Ba su amsa ba, kuma an riga an cike guraben.

"Mutumin ya ce da an rubuta gaskiya tun farko, da ya duba," in ji Malam Tukur. "Rubutun yaron ya burge shi. Ko da gaske yake, ko faɗa kawai ya yi, Allah ya sani."

Kulu ta daɗe tana kallon ɗan faifan mai jan baki, wanda yanzu aka ɗora wa kwalbar shuɗin magani.

"Yaron ya san wace magana ce a takardar ta jawo haka?"

"A gabansa aka ja layi a ƙarƙashinta da jan alƙalami."

"Kuma ya zo na zage shi, bai ce komai ba."

Ta tashi ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta yi kwana tara tana shirin zuwa Dandamisa, kullum da abin da ke hana ta. Rana ta goma aka gaya mata Iliyasu zai bi motar mazarƙwaila zuwa Kano, wai wani ya ce ana neman mai rubutu a wurin masu fatu. Wannan tafiyar ce bai dawo ba. Masu fatun ba su ɗauke shi ba. Ya yi gadi a wani gidan ajiye kaya, ya aiko wa Kulu wasiƙa biyu, Malam Tukur ya karanta mata, duk gaisuwa ce da tambayar gwiwarta. A shekara ta uku sanƙarau ya shiga unguwar da yake, aka aiko wa uwarsa da rigarsa da alƙalaminsa. Bai kai ashirin da ɗaya ba. A Dandamisa in an tuna shi akan ce yaron nan na Lado da injin ya ci. A gefen Ikara kuwa an daɗe ana samun tsofaffin katuna masu rubutu kamar an buga da inji, mata na ajiye su a cikin kwalla ko bayan sun daina aiki.

Amma ranar tafiyar ta same shi. Ta iso tashar Makarfi da hantsi, an gama lodi, yana zaune can sama a kan buhuna, ya maƙale ƙullin kayansa a tsakanin gwiwoyi. Da ya hango ta ya yunƙura zai sauko ya gaishe ta.

"Zauna, kar ka faɗo ka karya wanda ya rage."

Ya zauna yana murmushi. Ta tsaya a gindin motar, ta ɗaga kai, rana na dukan idonta. Duk abin da ta shirya a hanya ya tsere.

"Na je wurin Tukur," in ji ta.

"Yana lafiya?"

"Ya nuna mini wasiƙar."

Iliyasu ya dubi ƙullin kayansa. "Ai ya wuce, Iya."

"Ni na sa aka rubuta."

"Yabona kika yi. Ba wanda ya taɓa faɗar haka a kaina."

"Me ya hana ka gaya mini ranar da ka dawo?"

"Da kin tafi Zariya da ƙafa kin zage su, su kama ki. Wa zai aure ni?"

Direba ya shiga, aka zare katakon da ya tokare taya, motar ta yi tari ta kama. Kulu ta dafa jikin motar, ta bi ta taku biyu, uku, tana ɗingishi, ta ɗaga murya yadda zai ji ta cikin ƙarar.

"In an sake ce maka ka kawo takarda, kar ka bari wata tsohuwa ta sa baki. Ka sa a rubuta ɗaya. Ka ce musu ɗaya ne, su ba ka aikin su gani."